Babi na Shida: Mas'alar Zaɓen Gam Wajen Lulluɓe Ƙaramin Gini da Fallen Dutse

Bayan da muka kammala bayani a babin da ya gabata a kan yadda ake yanka bangayen ƙaramin gini, a fitar da ƙofofi da tagogi, a tsayar da ƙashinsa har ya zauna daram bisa tebur ba tare da ya karkata ba, yanzu sai mu juyo ga mas'alar da ma'abota wannan sana'a suka fi yin saɓani a kanta, wato wane irin gam ya dace a shafa idan an zo lulluɓe wannan ƙashi da fallen nan mai zanen duwatsu, wanda shi ne ke sa mai kallo ya ga kamar ginin dutse ne na haƙiƙa aka ƙanƙantar da shi. Galibin masu koyo, idan suka zo nan, tambaya ɗaya suke yi, su ce wane gam ne ya fi ƙarfi. Ni kuwa a ganina wannan tambaya ba ta da fa'ida mai yawa, domin fallen dutse ba shi da wani nauyi da zai buƙaci ƙarfi, kuma mafi yawan gine-ginen da suka lalace a hannun masu su, ba raunin gam ne ya lalata su ba, rashin dacewarsa ne da abin da aka shafa shi a kai, illar kuwa ba ta cika bayyana a ranar da aka yi aikin ba, sai bayan makonni ko watanni, lokacin da an riga an yi fenti an kafa rufi, gyara ya zama wahala.

Wajibi ne mai karatu ya tuna da ma'aunin da muke aiki da shi, domin a nan ne ƙaramin aibu ke zama babba. Mutanen Ingila masu shimfiɗa ƙananan jiragen ƙasa a ɗakunansu sun fi aiki da ma'aunin 1:76, mutanen Jamus da Amurka kuma 1:87, wanda da shi aka gina mafi yawan abin da ke cikin gidan kallon nan na Miniatur Wunderland da aka buɗe a Hamburg a 2001. Su kuwa ɗalibanmu masu koyon zanen gine-gine, a Zariya da Kano da sauran wurare, sun fi sabawa da 1:50 da 1:100. A ma'aunin 1:76, ƙofa mai tsawon mita 2 kimanin milimita 26 ce kawai, dutse mai tsawon santimita 30 kuma bai wuce milimita 4 ba. Saboda haka tudun gam mai kaurin milimita 1 da ya taru a ƙarƙashin falle, daidai yake da kumburin santimita 7 da ɗoriya a jikin bangon gaske, abin da babu magini mai mutunci da zai yarda ya bari a aikinsa. Akwai waɗanda suka kauce wa mas'alar baki ɗaya, irin su Roye England, mutumin Ostareliya da ya kafa gidan tarihi na Pendon a Ingila a 1954, inda ake zana duwatsun bango ɗaya bayan ɗaya a jikin kwali da tsinin ƙarfe, a shafa wa kowanne launinsa. Wannan aiki ne na masu dogon haƙuri, kuma ba kowa Allah ya hore wa lokacinsa ba. Mu sauran jama'a fallen da aka riga aka zana muke saye, don haka babu makawa sai mun san gam.

Fallen nan ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake a zahiri duk duwatsu ake gani. Akwai na takarda da na kwali, wanda aka buga wa launi, wani lokaci a danna shi da inji har duwatsun su taso, irin na kamfanonin Metcalfe da Faller. Akwai na roba mai tauri da ake kira folistarin, kuma shi ma iri biyu ne: siriri mai kaurin kimanin rabin milimita wanda ake lanƙwasawa da hannu, irin na Slater's, da mai kauri wanda aka zuba a mazubi, irin na Wills, wanda shi kaɗai ma yana iya tsayawa a matsayin bango. Akwai na soso mai tauri na foliyuretan, akwai na roba mai laushi, akwai kuma wanda ya zo da danƙonsa a baya, ɓare takarda kawai za a yi a manna, irin na kamfanin Redutex na ƙasar Sifen. Haka nan ƙashin ginin da za a lulluɓe: ko kwali ne, ko katako, ko folistarin, ko allon nan mai farin soso a tsakiya da takarda a fuskokinsa biyu, wanda ɗalibai suka fi so saboda sauƙin yanka. Kafin mutum ya miƙa hannu ga kowace kwalba, sai ya fara tabbatar da asalin abubuwa biyun da yake son haɗawa, idan kuma kwalin da fallen ya zo ciki bai faɗa ba, sai ya ɗiga ɗan asiton a bayan guntunsa: idan ya yi laushi ya yi yauƙi, folistarin ne ko danginsa, idan bai motsa ba, wani abu ne dabam.

Ƙa'idar da nake so mai karatu ya riƙe, wadda sauran hukunce-hukuncen babin nan duk rassanta ne, ita ce wannan: galibin gam ba ya zuwa shi kaɗai, akwai wani ruwa da ke ɗauke da shi, ko dai ruwa na sosai ko kuwa sinadari mai narkarwa, kuma gam ba ya kamawa sai wannan ruwa ya fita. To, ta ina zai fita? Kafinta da ke haɗa katako biyu ba ya damuwa da wannan tambaya, domin katako yana tsotsa, mai gyaran takalmi ma haka, domin fata tana numfashi. Amma mu muna shimfiɗa falle mai faɗi a kan bango mai faɗi, mu rufe gam ɗin ruf ta sama da ƙasa, ba mu bar masa mafita ba sai ɗan siririn gefe. Idan ruwan ya samu abin da zai tsotse shi, sai ya kumbura abin, idan kuwa bai samu ba, sai ya zauna a ciki, ko dai ya ƙi bushewa sam, ko kuwa ya riƙa cin robar daga baɗini a hankali, kamar garwashin da aka binne cikin toka, ba a ganin harshensa amma yana ci. Duk wanda ya fahimci wannan, ko da an kawo masa gam ɗin da bai taɓa jin sunansa ba, zai iya yi masa hukunci da kansa.

Mu fara da mafi sauƙi, wato takarda ko kwali a kan kwali ko katako. A nan farin gam ɗin kafintoci, wanda a kasuwanninmu aka fi sani da sunan Top Bond, shi ne asali. Sinadarinsa kuwa, wanda ake taƙaita sunansa da PVA, wani Bajamushe ne mai suna Fritz Klatte ya gano shi tun 1912. Ba ya wari mai cutarwa, ba ya cin soso, yana bushewa garau babu launi, kuma yana ba mutum 'yan mintoci ya gyara zaman fallen kafin ya kama. Aibunsa ɗaya ne, amma babba: kusan rabinsa ruwa ne. Takarda idan ta sha ruwa sai ta miƙe, a manna ta tana miƙe, sa'an nan idan ta bushe ta nemi komawa yadda take, ta ja bangon zuwa gefenta, shi ya sa za ka ga bangon da aka yanka a miƙe sak ya wayi gari ya lanƙwashe ta wajen da aka lulluɓe. Maganin wannan sananne ne tun zamanin masu ɗinkin littattafai. A shafa gam ɗin a jikin bangon, kada a shafa a takardar. A baza shi da guntun kwali mai miƙaƙƙen baki har ya zama siriri ƙwarai, ana hango launin bangon ta cikinsa. A dakata kaɗan har ƙyallin ruwan ya fara dushewa. Sa'an nan a ɗora fallen daga gefe ɗaya, ana binsa da tafin hannu ta bayan tsumma mai laushi, ba da abu mai tauri ba, don kada a murƙushe duwatsun da aka sayi fallen dominsu. Bayan haka sai a juya bangon, a manna wata takarda mai kauri irin wancan a cikinsa, ko da babu mai ganinta, domin jan da take yi shi ne zai rama jan na waje. A sa shi tsakanin alluna biyu, a ɗora littattafai masu nauyi, a bar shi ya kwana. Tsofaffin masu sana'ar a Ingila sukan fara shafe kwalin da shalak, wanda ya zama masa sulke daga laima, kuma a ƙasar da damina ke jiƙa komai har cikin akwati, wannan al'ada ce da ta cancanci a raya ta.

Wani zai ce, ina ƙaro, wanda Allah ya wadata ƙasashenmu da shi, daga Borno da Yobe har Cadi da Sudan, wanda da shi malamai ke haɗa tawada kuma da shi aka daɗe ana liƙe takardu? Haƙiƙa ƙaro yana kama takarda da takarda, haka ma dafaffen sitacin rogo, kuma wanda ba shi da halin sayen wani abu zai iya fara koyo da su. Sai dai ƙaro idan ya bushe ƙarau yake, yana tsagewa a hunturu, yana sake narkewa idan laima ta yi yawa, ba ya kuma kama roba ko kaɗan. Shi kuwa sitaci abincin kyankyasai ne da gara. Ginin da ake fatan ya shekara a ajiye, ba da su ake yinsa ba.

Idan fallen folistarin ne, ƙashin ginin ma folistarin, to an shiga wani babi dabam, domin a nan farin gam ba shi da aiki: babu inda ruwansa zai tafi, za a iya ɓare fallen bayan mako guda a tarar da tsakiyar tana nan fari fat, ɗanye. Abin da ake amfani da shi ruwa ne tsararo, babu danƙo a cikinsa ko kaɗan, wanda aikinsa shi ne ya narkar da fuskokin biyu kaɗan, su cuɗanya, sa'an nan ya bi iska ya bar su sun zama jiki ɗaya. Mafi shahara shi ne butanon, wanda aka fi sani da haruffan MEK, akwai kuma gaurayen da kamfanonin Tamiya da Humbrol ke sayarwa a ƙananan kwalabe. Wajen haɗa gefe da gefe babu abin da ya kai shi kyau: a riƙe guntayen biyu a haɗe, a taɓa bakin gaɓar da ɗan siririn buroshi, sai ka ga ruwan ya bi tsagin da kansa ya shige, cikin daƙiƙu kaɗan an kama. Amma wajen shimfiɗa falle a kan falle, nan ne mai gaggawa ke faɗawa, domin sai ya ga ruwan yana bushewa tun bai gama shafawa ba, sai ya malala shi da yawa ya kifa fallen a kai. Ranar nan aikin zai yi kyau. Bayan wata ɗaya ko biyu sai a fara ganin wasu wurare sun lotsa, duwatsun sun dusashe, bangon ya murɗe, dalili kuwa sinadarin da aka kulle a ciki bai daina aiki ba. Hanyar da masana da yawa ke bi ita ce a fara huda ƙashin bangon da ƙananan ramuka, tazarar kimanin santimita 1 ko 2 tsakaninsu, a ɗora fallen dutsen a bushe a daidaita shi, sa'an nan a juya ta baya a ɗiga ruwan a kowane rami. Ramin nan shi ne ƙofar shigarsa, shi ne kuma ƙofar fitarsa. Suna kuma son bangon ya zama hawa uku, falle a waje, ƙashi a tsakiya, falle a ciki, ba hawa biyu ba, bisa wannan hujja ta rama ja da muka ambata a kan takarda. Akwai wani ruwan mai sanyin hali da ake tatsa daga ɓawon lemo, sunansa limonin, wanda yake narkar da folistarin a hankali kuma yake jinkirin bushewa. Ga siririn falle na rabin milimita, ni shi na fi zaɓa, sai dai ya zama a danne aikin a bar shi tsawon yini. Ya kamata kuma mazauna ƙasar zafi su san cewa asiton yana tafasa a digiri 56, wani ruwan narkarwa da ake kira daikuloromitan kuma a digiri 40, wato daidai zafin la'asar ɗin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato. Don haka a bazara aikin nan na sassafe ne ko na bayan isha'i, kuma kwalbar a rufe take zama, sai lokacin tsoma buroshi.

Mas'ala mafi wuya, wadda kuma ita ce aka fi cin karo da ita, ita ce fallen roba a kan kwali, ko katako, ko allon soso, domin abubuwa biyu ne da ɗabi'unsu suka saɓa: ruwan narkarwa ba ya taɓa kwali, farin gam kuma ba ya riƙe roba sai riƙon wucin gadi. Nan ne mutane ke komawa ga gam ɗin masu takalma, mai launin zuma, wanda sunan Evo-Stik ya rinjaya a kansa, wanda asalinsa roba ce ta niyofirin da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1930, aka narkar da ita cikin sinadarai masu kaifi. Riƙonsa babu shakka a kansa, kuma yana da wata falala da za mu zo kanta, wato ko ya bushe yana nan da ɗan laushi. Amma sinadaran da ke ɗauke da shi maƙiyan folistarin ne. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake jefa farin soson kwalin firji cikin fetur, ya narke nan take ya zama danƙon toshe yoyon kwano, ya riga ya ga abin da wannan gam zai yi wa allon soso idan ya taɓa gefensa inda takarda ba ta rufe ba: ramuka zai haƙa. Haka ma gam ɗin UHU na gama-gari, wanda wani mai haɗa magunguna, August Fischer, ya fito da shi a Jamus a 1932. Shi ya sa kamfanin ya yi wani na musamman domin soso, mai suna UHU Por. To idan ƙashin kwali ne ko katako, kuma babu wani gam sai na masu takalma, sharaɗin amfani da shi guda ne, kuma ba a sassauta shi: a shafa siriri a fuskokin biyu, a ajiye su a rabe, a jira minti 10 zuwa 15 har sai an taɓa da bayan yatsa bai biyo ba, domin a lokacin ne sinadarin ya fita ya bar robar kaɗai. Wanda ya ga kamar gam ɗin ya bushe ya ɓaci, ya yi sauri ya haɗa tun yana ɗanye, shi ne Hausawa ke ce wa sauri ya haifi nawa, domin ya kulle maƙiyin a cikin gida. Sa'an nan da yake wannan gam da zarar fuskokin sun taɓa juna ba ya sake ba da damar gyara, dabarar ita ce a shimfiɗa farar takarda tsakaninsu, a bar santimita 1 kawai a buɗe ta sama, a daidaita sahun duwatsun da layin da aka ja da fensir, a danna wannan santimita, sa'an nan a riƙa zare takardar a hankali ana bin bayanta da babban yatsa har ƙasa.

Ni dai, inda ana samu, na fi karkata ga danginsa da aka haɗa da ruwa maimakon sinadari, masu fari kamar madara, irin Copydex da irin wanda masu shimfiɗa ledar ɗaki ke amfani da shi. Ana shafa su a fuskokin biyu, a jira har farin ya washe ya zama garau, alamar ruwan ya tafi, sa'an nan a haɗa. Ba su cin roba, ba su cin soso, kuma da yake an bar su sun bushe kafin a rufe, tambayar mafita ba ta taso ba. Idan an goge bayan fallen da samfefa mai laushi tukuna, riƙon yana ƙaruwa.

Falalar laushi da na yi alkawarin komawa gare ta, ga bayaninta. Folistarin yana miƙewa da zafi, yana takurewa da sanyi, amma laima ba ta dame shi ba. Kwali da katako kuwa akasin haka, zafi bai cika motsa su ba, laima ce ke kumbura su, bushewa ta tsuke su. A ƙasar Hausa kuwa abubuwan nan biyu suna kai wa maƙura: daga sanyin asubahin hunturu zuwa zafin bazara akwai tazarar da ta haura digiri 25, daga bushewar Janairu da ke tsaga leɓe zuwa laimar Agusta kuma sai wanda ya gani. Fallen folistarin mai tsawon santimita 30, idan zafi ya ƙaru da digiri 25, yana ƙara tsawon da ya ɗan haura rabin milimita, wanda a ma'aunin 1:76 daidai yake da santimita 4 a bangon gaske. Gam mai ɗan laushi yana bin wannan motsi ya dawo. Gam mai ƙarau kuwa, ko dai ya saki, ko ya riƙe har bangon ya lanƙwashe. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba na son a lulluɓe dogon bango, irin na ganuwar dutse ta Surame idan ɗalibi ya so kwaikwayonta, da falle ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Gara a yanka shi gajeru-gajeru, a ɓoye mahaɗar a bayan ginshiƙi ko inda bangon ya karya kwana. Amma laushi ma idan ya wuce kima aibu ne, kuma nan ne salatif mai fuska biyu da gam ɗin feshi da fallen da ya zo da danƙonsa suke gazawa. Suna da tsabta, suna da sauri, ga ɗalibin da zai gabatar da aikinsa gobe kuma babu laifi. Sai dai danƙonsu ba ya taɓa daskarewa, zafi kuma yana sassauta shi, shi ya sa na sha ganin gine-ginen da aka ajiye a ɗakin kwano bazara ɗaya kawai, kusurwoyinsu duk sun ɗaga. Wanda zai yi aiki da su, to ya ƙara musu wani gam mai kamawa a gefuna da kewayen tagogi. Gam ɗin bindiga mai narkewa da wuta kuwa ba na wannan aiki ba ne sam, saboda kauri da zafinsa.

Saura guda biyu waɗanda ba su shiga ƙarƙashin ƙa'idarmu ba, domin babu wani ruwa da ke ɗauke da su, daskarewa suke yi ta hanyar canjin sinadari. Na farko shi ne sufa-gulu, wanda Harry Coover ya ci karo da shi a 1942 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka fara sayar da shi a 1958 da sunan Eastman 910. Ɗan danshin da ke jikin abubuwa ne ke sa shi kamawa, don haka a tsakiyar hunturu yakan yi nawa, a damina kuma ya kama tun ba a shirya ba. Wurinsa shi ne kusurwar da ta ƙi kwanciya, da bakin taga, da ƙananan kayan ƙarfe. Ba a shafe bango da shi, domin ƙarau yake, yana cin farin soso, yana kuma barin wani farin hazo a kewayensa wanda ke ɓata fenti da gilashin tagogi. Na biyu shi ne ifoksi mai kwalba biyu, irin Araldite da kamfanin Ciba na Suwizalan ya fito da shi a 1946, wanda shi ne ya dace da bangaye masu kauri da aka zuba da foliyuretan, waɗanda ruwan narkarwa ba ya yi musu komai. Sharaɗinsu a fara wanke bayansu da sabulu, domin man da aka shafa wa mazubin yana nan a jikinsu, kuma babu gam ɗin da ke kama mai. Fallen roba mai laushi na binil ma yana da nasa tanbihi: man da aka cuɗa shi da shi don ya yi laushi yana tsattsafowa da daɗewa, ya mai da wasu gam ɗin yauƙi, ya kuma taɓa folistarin idan sun haɗu kai tsaye, saboda haka kwali ko katako ya fi dacewa ya zama ƙashinsa.

Kowane gam aka zaɓa, a kusurwa ake gane gwani. A fere bakin fallen biyu a karkace, digiri 45, da samfefa da aka naɗe a guntun katako, a tabbatar sahun duwatsun wannan bango ya haɗu da na wancan kafin a taɓa gam, kuma a bar milimita 2 ko 3 na ƙarshe a bushe, sai bangayen sun zauna a ɗiga musu da tsinin allura. Gam ɗin da ya tsatso ta fuska, idan fari ne, a ɗauke shi nan take da buroshi mai ɗan danshi, domin idan ya bushe cikin layukan da ke tsakanin duwatsu fenti ba zai zauna a kansa ba. Idan kuwa ruwan narkarwa ne ya zuba a fuskar folistarin, kada a taɓa shi da yatsa ko tsumma, a bar shi ya tashi da kansa, in ba haka ba zanen yatsan zai zauna a dutsen har abada.

Amana ce kuma in faɗakar da mai karatu, musamman malamin da ke koyar da yara, cewa sinadaran nan dangin sholisho ne, wanda kowa ya san ɓarnar da shaƙarsa ta yi wa matasanmu. Suna kama wuta, suna sa jiri da ciwon kai, suna cutar da jiki idan aka daɗe ana shaƙa. A yi aiki da su a buɗaɗɗen wuri, nesa da risho da fitilar kananzir, a kulle su inda yaro ba zai kai ba. Sufa-gulu kuma kada a goge shi da auduga, domin idan sun haɗu zafi suke yi har ya ƙona fata.

Kafin a taɓa ginin da aka ɓata makonni ana yankawa, mustahabbi ne, har ma in ce wajibi, a yi gwaji da ragowar yanka. A ɗauki guntun fallen da guntun ƙashin, kowanne kamar faɗin tafin hannu, domin ƙaramin guntu yana bushewa ta gefe ya ɓoye aibun da babba zai nuna. A haɗa su da gam ɗin da ake nufi, bisa hanyar da ake nufi, a rubuta sunan gam ɗin da kwanan wata a baya. A bar shi mako guda a ɗaki, sa'an nan a kai shi inda zafi ke taruwa, kamar ƙarƙashin rufin kwano, ya yi kwana biyu, a kuma kwanar da shi kusa da randa ya sha laima. Bayan haka a kifa shi bisa gilashi a ga ko yana rawa, a karkata shi wajen hasken taga a duba ko wani wuri ya lotsa, a sa farce a kusurwa a gwada ɓarewa. Idan ya ɓare fes, bayan robar yana sheƙi, gam ɗin bai kama ba. Idan tsakiyar tana da danshi ko tana warin sinadari, bai samu mafita ba. Idan kuwa fatar kwalin ce ta yage ta biyo fallen, an dace, sai a ci gaba da ginin, a kuma ba shi kwana uku ko huɗu bayan lulluɓi kafin a fara fenti, wanda shi ne maganar babi na gaba.